Waƙar da Ta Haye Teku Sau Biyu

A tsakiyar shekarar 1929, wata kwalejin baƙar fata da ke garin Orangeburg a jihar Karolina ta Kudu ta gayyaci wani malamin Ingilishi ya koyar a zangon hutu. Sunansa Lorenzo Dow Turner, shekarunsa 38. Wata rana ya ji ɗalibai biyu suna hira, ya kasa kunne, bai tsinci komai ba sai kalma ɗai-ɗai. Mutumin da ya yi digirin farko a Howard, na biyu a Harvard, na uku a Jami'ar Shikago, duk a fannin Ingilishi, ga 'yan ƙasarsu, baƙaƙe irinsa, suna magana a gabansa ya zama ɗan kallo. Da ya tambaya, aka ce masa ai Gullah ke nan, maganar mutanen tsibiran bakin teku. Wannan tambaya ita ta ci masa shekara 20.

Turner ba ɗan tsibiran ba ne. An haife shi a 1890 a garin Elizabeth City na Karolina ta Arewa, a gidan 'yan boko. Mahaifinsa malamin makaranta ne da ya yi karatu a Howard. Kundin digirinsa na uku, wanda ya kammala a 1926, a kan yadda marubutan Amurka suka soki bauta ne kafin 1865. Ya shugabanci sashen Ingilishi a Howard, ya kafa jarida a Washinton ba ta yi nisan kwana ba, daga nan ya koma Jami'ar Fisk da ke Nashville. Ɗan Turancin littafi ne tsantsa, irin wanda za a zaci zai ji maganar ɗaliban nan ya yatsina fuska ya ce su gyara bakinsu. Abin da malamai suka saba yi musu ke nan, fari da baƙi.

Tsibiran da ake magana suna jere ne a gaɓar Tekun Atalantika, daga Karolina ta Kudu zuwa Jojiya, har su taɓa arewacin Fulorida. Ƙasa ce ta fadama, ruwa na cikowa yana janyewa kullum. Tun wajen 1700 Turawan Ingila da suka mamaye wurin suka gano cewa arzikinsa na cikin shinkafa, alhali Ingila ba ƙasar shinkafa ba ce. Waɗanda suka gaji nomanta kaka da kakanni su ne mutanen gaɓar Afirka ta Yamma, daga Senegal da Gambiya zuwa Gini, Saliyo da Laberiya. Sun san yadda ake datse ruwa a sake shi, sun san surfe a turmi da sheƙa a faifai. Saboda haka masu tallar bayi a jaridun Charleston sukan bayyana cewa kayansu daga ƙasar shinkafa aka kwaso su, don hakan na ƙara musu daraja a kasuwa. Zuwa 1708 baƙaƙe sun fi Turawa yawa a Karolina ta Kudu.

Wani ɓangare na wannan fatauci ya bi ta wani ɗan tsibiri a cikin kogin Saliyo, mai suna Bunce, kimanin kilomita 30 daga Firitawun. A tsakiyar ƙarni na 18 kamfanin wani attajirin Landan, Richard Oswald, ke riƙe da sansanin bayin da ke wurin, dillalinsa a Charleston kuwa shi ne Henry Laurens. Laurens ɗin nan daga baya ya shugabanci majalisar da ta ja ragamar yaƙin neman 'yancin Amurka. A 1782, da aka zauna a Faris don tsara sulhu tsakanin Ingila da Amurka, Oswald na cikin wakilan Ingila, Laurens na cikin na Amurka. Abokan cinikin mutane, su ne suka sa hannu a takardar 'yanci.

Abin da ya sa maganar tsibiran ta bambanta da ta sauran baƙaƙen Amurka ba boyayye ba ne. Fadama gidan sauro ce. Da zafi ya kama, zazzaɓi da shawara suka taso, sai iyayengiji su tattara iyalansu su gudu birni, su bar gandu a hannun wakilai. Bayi ɗaruruwa, Bature ɗaya ko biyu, jiragen ruwa kuma na ta kawo sababbin mutane daga Afirka har farkon ƙarni na 19. Bayan an soke bauta a 1865, da yawa daga cikinsu suka sayi filaye a inda aka bautar da su, suka ci gaba da zama. Babu gada, babu lantarki, sai kwalekwale. A haka harshen ya tsira.

Masana kuwa sun riga sun yanke masa hukunci. Ambrose Gonzales, mai gidan jarida a Karolina ta Kudu, ya tattara labarai cikin Gullah ya buga a 1922, ya danganta karin maganar da lalaci da nauyin harshe, har da ƙirar leɓe. George Philip Krapp, shehun malami a Jami'ar Kolumbiya, ya rubuta a 1924 cewa babu wani abu a lafazi ko nahawun baƙaƙen Amurka da za a iya tabbatar da cewa ba daga Ingilishi ya fito ba. A cewarsa iyayengiji ne suka riƙa yi wa bayi irin gwarancin da ake yi wa jarirai, su kuma suka haddace. Guy Johnson na Jami'ar Karolina ta Arewa ya zauna a tsibirin St. Helena, ya fito a 1930 yana mayar da kusan komai ga tsofaffin karorin ƙauyukan Ingila. Kalmomin Afirka da suka yarda akwai su, ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Abu ɗaya ya haɗa waɗannan malamai duka: babu wanda ya san ko da harshe ɗaya na Afirka a cikinsu. Sun yi rantsuwa cewa abu ba ya nan, alhali ko sun gan shi ba za su gane shi ba.

Turner bai fara da gardama ba. Ya fara koyon sana'ar tukuna: ya shiga kwasa-kwasan kimiyyar harshe, ya yi aiki da tawagar Hans Kurath da ke zana taswirar karorin Ingilishi a arewa maso gabashin Amurka, ya ƙware a rubutun sauti. A 1932 ya sami tallafi ya nufi tsibiran, ɗauke da na'urar naɗar murya mai nauyin wajen kilo 45, wadda ke zana magana a kan faifan alminiyam. Na'urar na bukatar lantarki, tsibiran kuwa ba su da shi. Don haka sau da yawa sai ya ɗauko tsoho ko tsohuwa a kwalekwale, a haye zuwa tudu inda akwai wuta, a yi magana, a mayar da su gida. Ya bi Johns, Wadmalaw, Edisto da St. Helena a Karolina ta Kudu, ya bi Sapelo, St. Simons da Harris Neck a Jojiya, yana neman tsofaffin da ba su taɓa nisa da gida ba. Wasunsu an haife su cikin bauta.

Nan ya gano dalilin da ya sa na gabansa suka dawo hannu rabbana. Mutanen Gullah baki biyu gare su. In baƙo ya zo, balle Bature, sai su karkata harshe zuwa Ingilishin da zai fahimta, su ɓoye sauran, domin sun sha dariya da wulaƙanci a kansa. Shi kansa Turner baƙar fatarsa ba ta buɗe masa ƙofa nan take ba. Sai da ya bi ta hannun mutanen gari da aka yarda da su, ya yi ta zarya, har aka saba da shi aka daina gyara zance in ya shigo. Daga nan ne ya fara jin sunayen gida. Mutum na da sunan Ingilishi na makaranta da takardar hukuma, yana kuma da wani suna da aka raɗa masa tun yana jariri, wanda 'yan gida kaɗai ke kiransa da shi. Wani sunan na ranar haihuwa ne, wani na yanayin da aka haihu a ciki, kwatankwacin yadda muke da Talatu da Ɗanjuma da Anaruwa a gefen sunan yanka. Baƙo zai iya shekara a tsibiri bai ji ko ɗaya ba.

Ya kuma lura da ginin maganar. Wakilin suna ɗaya ne ga namiji da mace da abu, kamar a Yarabanci da Ibo. Ana jera aikatau biyu ko uku a jimla ba mahaɗi. Ana ninka kalma don ƙarfafawa. Akwai sautuka irin su gb da kp, da kalmomi masu farawa da mb ko nd, waɗanda bakin Bature ba ya furtawa. Akwai kalmar da ake kiran mutane da yawa da ita, unu, wadda ta yi daidai da ta Ibo, alhali Ingilishi bai raba kai da ku ba. Har ya tarar da tsofaffin da ke ƙirga daga 1 zuwa 19 da Fulatanci. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ruga ya san go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. To irin wannan ƙirga ce, da karin Fulanin Gini da Saliyo, a bakin jikokin bayi a gaɓar Amurka.

A tsibirin Sapelo akwai zuriyar wani Musulmi, Bilali Muhammad, mutumin Timbo ta Futa Jalon, wanda ya rayu bawa a gandun Thomas Spalding ya kuma bar rubutun Larabci mai shafi 13. Jikokinsa sun gaya wa masu bincike a shekarun 1930 cewa tsofaffinsu sukan yi wani ɗan curin shinkafa su raba wa yara, suna kiransa saraka. Ba sai an fassara wa Bahaushe wannan ba. Rubutun Bilali ma ya taɓa zuwa ƙasarmu: Joseph Greenberg, wanda ya zo ƙasar Kano a 1938 yana nazarin Maguzawa, ya kawo kwafinsa ya nuna wa malamai. Ya ruwaito cewa da farko sun ce aikin aljanu ne saboda rikicewar baƙaƙen, daga bisani aka tsinci sassan da suka yi kama da Risala ta Ibn Abi Zaid. Masana na baya sun ce ba kwafin Risala ba ne kai tsaye, amma dai fiƙihun Malikiyya ne da mutum ya zubo daga ƙwaƙwalwarsa bayan shekaru ba littafi.

A 1933, a Harris Neck, wani zirin ƙasa da ruwa ya kusa kewayewa a kudu da birnin Savannah, Turner ya sadu da wata mata mai suna Amelia Dawley. Ta rera masa wata gajeriyar waƙa, layi biyar, wadda ta koya a wurin mahaifiyarta. Babu Ingilishi a ciki ko kaɗan. Ita ba ta san ma'anarta ba, ba ta san harshen ba. A gidansu waƙar wasa ce da ake yi wa yara suna rawa. Shi ma Turner bai san komai a kanta ba. Ya naɗe ta a faifai, ya rubuta sautukanta ɗaya bayan ɗaya yadda suka fito daga bakin matar, bai gyara ba, bai cike giɓi da zato ba. A ganina duk cikin aikinsa babu abin da ya kai wannan daraja. Wata yarinya 'yar shekara 11, ɗiyar Amelia, tana wurin tana kallo.

Turner ya fahimci cewa in bai koyi harsunan Afirka ba, shi ma zai zama ɗaya daga cikin masu rantsuwa a kan duhu. A 1936, yana da shekara 46, shugaban sashe a jami'a, ya koma ɗalibi a makarantar nazarin harsunan Gabas da ke Landan, ƙarƙashin Ida Ward, gwanar sautukan harsunan Afirka ta Yamma. Ya zauna da ɗaliban Afirka da ke can yana kunna musu faya-fayansa. Ya haye Faris ya nemi mutanen ƙasashen da Faransa ke mulka. Ya je Yale ya taɓa Larabci. A 1940 ya tafi Bahia ta Birazil, inda ya naɗi muryoyin dattawan da har lokacin suke jin Yarabanci, cikinsu har da Martiniano do Bonfim, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Legas. Wajen shekara 10 bayan haɗuwarsa da Amelia, wani ɗalibi ɗan Saliyo da ke karatu a Amurka, Solomon Caulker, ya saurari faifan ya ce wannan ai harshensu ne, Mende. Ya gane kalmar da suke nufin kabari da ita. Waƙar da ake yi wa yara rawa, ashe ta makoki ce: kira ne ga jama'a su hallara saboda mutuwa ta faɗo, mamaci kuma bai natsu a makwancinsa ba tukuna.

Littafin da Turner ya tattara bincikensa a ciki ya fito a 1949 daga maɗaba'ar Jami'ar Shikago, da sunan Africanisms in the Gullah Dialect. A ciki akwai kalmomi kusan 4,000 da ya danganta da harsunan Afirka wajen 30, har da Hausa da Fulatanci. Mafi yawansu sunayen gida ne. 'Yan ɗaruruwa ne na zancen yau da kullum, kamar sunan gyaɗa da ya samo daga Angola, na riɗi daga yankin Senegal, da na kunkuru daga harsunan Mande. Ba duka aka karɓa ba, kuma bai kamata a karɓa ba. Suna mai gaɓa biyu zai iya dacewa da kalma a harsuna biyar, kuma Turner yakan jera su duka ya bar mai karatu da zaɓi. Ya kuma yi hasashen cewa rawar ibadar da Gullah ke yi a da'ira ta samo sunanta ne daga kalmar Larabci ta zagaye ɗaya na ɗawafi; zance ne mai daɗin ji a kunnen Musulmi, amma hujjarsa ba ta da ƙarfi, masana da yawa ba su bi shi ba. Duk da haka, bayan 1949 babu mai mutunci a jami'a da ya sake cewa Gullah gwarancin jarirai ne.

Kada a ɗauka masu musun gadon Afirka duk masu wariya ne. Babban mai musun a zamanin shi ne E. Franklin Frazier, baƙar fata, shehun malamin zamantakewa a Howard, wanda ma tare suka je Bahia da Turner. A littafinsa na 1939 kan iyalin baƙaƙen Amurka ya ce bauta ta goge kusan komai. Yana da dalilinsa. A lokacin doka ta raba makaranta da mota da wurin shan ruwa, kuma yana tsoron in aka ce baƙaƙe na ɗauke da al'adun Afirka, masu wariya za su kafa hujja cewa ba za su taɓa zama cikakkun Amurkawa ba. Melville Herskovits na Jami'ar Northwestern ya tsaya a ɗaya gefen, kuma a littafinsa na 1941 ya jingina da binciken Turner tun kafin a buga shi. Sunan Herskovits ne ya fi tashi. Shi ake yawan ambata a matsayin wanda ya kafa shirin nazarin Afirka a 1948, alhali tun 1943 Turner da abokan aikinsa suka fara nasu a Fisk, jami'ar baƙaƙe mai ƙaramin ƙarfi.

A 1946 Turner ya koma Kwalejin Roosevelt a Shikago, yana cikin baƙaƙen farko da suka sami cikakkiyar kujerar koyarwa a makarantar da galibin ɗalibanta Turawa ne. Sai a 1951 ya taka ƙasar Afirka. Ya koyar a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ya kunna wa Yarabawa muryoyin 'yan'uwansu na Bahia, ya wuce Saliyo ya yi aiki a kan harshen Kiriyo. Ya ga lokacin da ɗaliban Kwalejin San Faransisko suka yi yajin wata kusan biyar, daga Nuwamban 1968 zuwa Maris na 1969, har aka buɗe tsangayar nazarin ƙabilu ta farko a Amurka, jami'o'i kuma suka shiga rige-rigen buɗe sassan nazarin baƙar fata. Aka koma neman littafinsa, aka sake buga shi. Ya rasu a Shikago a watan Fabrairun 1972. Faya-fayansa suka tafi ma'ajiyar kiɗan gargajiya ta Jami'ar Indiyana, suka kwanta.

Wanda ya tashe su wani Ba'amurke ne, Joseph Opala, da ya je Saliyo aikin sa-kai a 1974 ya zauna, yana binciken kangon Bunce yana kuma koyarwa a Kwalejin Fourah Bay. Shi ya yi ta yayata dangantakar Saliyo da Gullah, har Shugaba Joseph Momoh na Saliyo ya ziyarci tsibirin St. Helena a 1988, tawagar Gullah kuma ta rama ziyarar a 1989. Opala ya haɗu da Cynthia Schmidt, masaniyar kiɗa da waƙoƙin gargajiya, da Tazieff Koroma, masanin harshe ɗan Saliyo, suka ɗauko waƙar Amelia suka yi wata tambaya da ta yi kama da wauta: ko akwai wanda ya san ta har yanzu a ƙasar Mende?

Koroma ya tsinci wata kalma a ciki da ya ce ta karin kudancin ƙasar ce, wannan ya rage musu faɗin daji. A 1990 suka shiga ƙauyuka da rikoda. A tara mutane, a kunna, a saurara. Jama'a na gane kalmomin, suna mamakin jin harshensu a bakin wata mata daga ƙetaren teku, amma waƙar kanta babu wanda ya sani. Ƙauye bayan ƙauye haka. Har sun fid da rai, sai Schmidt ta ce bari ta gwada wani ƙauye da ke ɗan wajen iyakar da suka shata, Senehun Ngola. A can wata mata mai suna Baindu Jabati ta ji faifan ta kama rerawa tare da shi. Kalmomin kusan ɗaya suke, karin ne ya ɗan sauya.

Baindu ta ce kakarta ce ta koya mata. Waƙar ta bikin tenjami ce, wato haye kogi, sallamar ƙarshe da Mende ke yi wa mamaci kwanaki kaɗan bayan binnewa, don ya isa wurin magabata. Aikin mata ne: su shafa farar ƙasa, su dafa shinkafa da manja, su kai bakin kabari. Zuwan Musulunci da Kiristanci ya sa aka bar bikin tun ƙuruciyar iyayenta, shi ya sa sauran ƙauyukan suka manta. Kakar ce ta nace sai jikarta ta riƙe waƙar da yadda ake motsa jiki a cikinta, kuma a faɗar Baindu, tsohuwar ta gaya mata cewa akwai danginsu da suka ɓace, in sun dawo wata rana da wannan waƙa za a gane su.

Masu binciken suka juya Jojiya. Amelia ta daɗe da rasuwa, amma yarinyar nan 'yar shekara 11 tana raye, ta kusa 70, sunanta Mary Moran. Ba a kunna mata faifai don ta koya ba. Waƙar na bakinta. Sai a lokacin ta ji cewa abin da mahaifiyarta ke yi musu suna tsalle kukan mutuwa ne. Aka fara shirin haɗa matan biyu, sai yaƙin basasa ya ɓarke a Saliyo a watan Maris na 1991. 'Yan tawaye suka ƙone Senehun Ngola, mutane suka watse cikin daji, Baindu ta rasa 'yan'uwa. Shekara shida ana jira. Bayan yarjejeniyar Abijan ta Nuwamban 1996 aka sami ɗan sarari, a farkon 1997 Mary Moran da 'ya'yanta da jikokinta suka sauka a ƙauyen. Mutanen da ba su gama tada bukkokinsu ba suka tarbe su, aka farfaɗo da bikin tenjami saboda su, matan biyu suka rera waƙar tare a maƙabarta. 'Yan watanni bayan tafiyarsu, a watan Mayu, sojoji suka yi juyin mulki, yaƙi ya dawo. Alvaro Toepke da Angel Serrano sun ɗauki ziyarar a fim, ya fito a 1998.

Dole a faɗi iyakar abin da wannan ya tabbatar. Waƙa ba takardar haihuwa ba ce. Ba a san sunan matar da ta haye teku da ita ba, ba a san shekarar ba, kuma a da ana iya rera ta a ƙauyuka da yawa na yankin. Abin da ya tabbata shi ne wata Bamendiya daga wannan yanki ta shiga jirgin bayi da waƙar makokin garinsu a ka, ta koya wa ɗiyarta, ita ma ta koya wa tata, ma'ana ta zube a hanya amma sautuka suka tsaya daram har wanda ya ji harshen zai gane su. Masana na ɗaukarta a matsayin nassi mafi tsawo cikin wani harshen Afirka da aka samu a bakin baƙaƙen Amurka. Layi biyar kacal, daga mutane kusan 400,000 da aka sauke kai tsaye a Amurka ta Arewa.

Kunyar harshen ba ta gushe da wuri ba. Clarence Thomas, alƙalin Kotun Ƙolin Amurka, wanda ya tashi a Pin Point kusa da Savannah, ya gaya wa wasu ɗalibai a shekarar 2000 cewa tsokanar da ya sha a makaranta saboda maganar gidansu ce ta koya masa yin shiru. Amma al'amura sun juya. An buga Sabon Alkawari cikin Gullah a 2005, majalisar dokokin Amurka ta ware yankin a matsayin wurin tarihi na ƙasa a 2006, a 2010 gidan tarihi na Anacostia a Washinton ya baje kolin kayan aikin Turner, a 2017 kuma aka fara koyar da Gullah a Harvard, inda Turner ya yi digirinsa na biyu shekara 100 daidai kafin nan.

Tawagar Moran da ta je Saliyo ba daga ainihin Harris Neck ta tashi ba, domin tun 1942 aka fitar da su. A tsakiyar wannan shekara, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin tarayya ta karɓe eka 2,687 don gina filin jirgin saman soja, ta ba iyalai wajen 75 'yan makonni su kwashe. Gidaje da gonaki da wuraren kamun kifi da kawa duk suka tafi. Mutanen sun ce an yi musu alkawarin mayar musu da ƙasarsu in yaƙi ya ƙare. Da ya ƙare, sai aka miƙa ta ga ƙaramar hukumar McIntosh, a 1962 kuma aka mai da ita gandun tsuntsaye da namun daji. A 1979 wasu daga cikin zuriyar suka koma suka kafa tantuna a filin kakanninsu, aka kama su, kotu ta ba gwamnati gaskiya. Ɗan Mary, Wilson Moran, na cikin waɗanda suka ci gaba da kai kuka har gaban majalisar dokoki. Har yau filin yana hannun hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka.